DANDALIN 'YAN MATA: Ni Dai Ji Na Yi

Waɗanda suka aiko da wasiƙu a kan maganar lefe da muka soma a fitowar da ta gabata, duk na gani na kuma gode, sai dai ku yi mini haƙuri, yau ba ita za mu ci gaba ba. Wata wasiƙa ce ta zo ta hana ni barci har kwana biyu, na ga in na jinkirta amsa ta, to ko na amsa daga baya ba za ta yi amfani ba.

Yarinya ce 'yar aji biyar a wata sakandare a nan cikin Kaduna, ta ce a Unguwar Dosa take zaune. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, ni ma da ma ba zan faɗa ba. Abin da ya faru shi ne, wata ta turo mata hoton wata 'yar ajinsu tana zaune a gaban motar wani mutum da ba a ganin fuskarsa, an kuma rubuta wata magana mara daɗi a ƙasan hoton. Ita kuwa ta yi dariya ta tura shi cikin guruf ɗin WhatsApp na ajinsu. Kafin gari ya waye hoto ya bar aji ya shiga unguwa, ya faɗa hannun yayan yarinyar, daga nan ya kai ga mahaifinta. Yau mako 3 ke nan yarinyar ba ta taka makaranta ba, ana cewa mahaifin ya rantse ta gama boko ke nan, ga shi kuwa baɗi za su zauna jarrabawar WAEC. Mai wasiƙar ta ce ita 'yar ƙungiyar ɗalibai Kirista ce ta FCS, tun ranar ko addu'a ta kasa yi da natsuwa. Tambayarta ita ce: "Anti, ni fa ba ni na ɗauki hoton ba, ba ni na yi rubutun ba, turo mini aka yi na tura. Ina da laifi a gaban Allah?"

Kina da laifi, ƙanwata. Ban faɗa don in ƙara miki nauyi a kan wanda kike ɗauke da shi ba, sai don kin tambaye ni tsakani da Allah, kuma wadda za ta ce miki ba komai ba masoyiyarki ba ce. Kada kuma ki ɗauka wata waliyyiya ce take miki magana. Irin wannan abu na taɓa aikatawa da bakina, a lokacin da babu wayar hannu ko ɗaya a unguwarmu, yau zan ba ku labarin da ban taɓa bayarwa a wannan fili ba.

Amma bari in fara gabatar muku da littafin da zan jingina da shi, domin na san yawancin masu karanta mujallar nan 'yan'uwanmu Musulmi ne. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai wani littafi da ake kira Karin Magana. Sura 31 gare shi, yawancinsa na Sarki Sulemanu ɗan Dawuda ne, wanda Littafin Sarakuna na Ɗaya ya ce ya yi karin magana har 3,000. Daga sura 25 zuwa 29 mutanen Sarki Hezekiya ne suka tattara suka kwafe, sura 30 ta wani ce mai suna Agur, ta ƙarshe kuwa nasihar wata uwa ce ga ɗanta Sarki Lemuwel. A tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, wadda Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, sunan littafin Misalai, kuma har ta koma ga Ubangiji haka mahaifiyata take kiransa, don tsohon littafin mahaifinta mai baƙin bango ta gada. Ita Mama ba ta yi boko mai nisa ba, a Zumuntar Mata karatunta ya nuna, amma tana da wata al'ada, kullum da asuba sai an karanta surar da ta yi daidai da kwanan wata. In 5 ga wata ne sura 5, in 20 ne sura 20. Mu kuwa yara muna karantawa muna gyangyaɗi, Allah-Allah muke a ce amin mu je mu kama layin famfo.

A 1997 muna zaune a Unguwar Rimi, gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, Kirista da Musulmi, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ina aji biyar kamar ke. A majami'armu akwai wata yayarmu mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, zan kira ta Yaya kawai. Doguwa ce baƙa mai kyau, ga wushirya, in ta ɗaga murya ranar Lahadi har masu wucewa a titi sai sun rage sauri. Ta gama makarantar horon malamai tana koyarwa a wata firamare, an kuma yi mata baiko da wani saurayi mai aiki a masaƙa can Kakuri, lokacin masaƙun Kaduna suna da sauran numfashi, ma'aikacin masaƙa miji ne na nuna wa tsara. An kai kaya, an sa rana, Baba Fasto ya riga ya yi sanarwa ta farko. A wurinmu ana sanar da aure a gaban jama'a Lahadi 3 a jere kafin a ɗaura, don in akwai wanda ya san wani dalilin da zai hana, ya fito ya faɗa wa dattawa.

Wata ranar Alhamis cikin watan Agusta, da magariba, Mama ta aike ni neman kananzir. Ina dawowa sai na ga wata farar Fijo 504 ta tsaya a bakin layin su Yaya, nesa kaɗan da ƙofar gidansu. Yaya ta fito daga gidan gaba, ta sunkuya ta taga tana magana da mai motar, wani mutum mai babbar riga da hula, ya miƙo mata wani abu ta karɓa ta ɗan rusuna, ta shige layi da sauri. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba.

Ranar Asabar muna gidan kitso mu huɗu, hira ta gangaro kan bikin Yaya, ana ta maganar anko da wadda za ta riƙe mata fure. Kowa tana da abin faɗa ban da ni. Don dai kawai a ce ni ma na san wani abu, sai na taɓe baki na ce, "Hmm, amaryar taku da Alhazai suke saukewa a mota da magariba." Wurin ya yi tsit. Mai kitso ta saki gashina ta ce, "Ke don Allah?" Na ce, "Da idona na gani, amma fa kada ku ce ni na faɗa." Aka kwashe da dariya aka tafa. Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, daɗin da na ji a wannan minti har yau ina tuna shi. Duk idanu sun dawo kaina, ni ce tauraruwa. Na koma gida da sabon shuku na manta ma na yi maganar.

Ita maganar ba ta manta da ni ba. Ranar Lahadi da yamma ta zama wai an ga Yaya tana fitowa daga otal. Ranar Talata ta zama wai Alhajin ne ya saya mata keken ɗinkin da ke ɗakinsu. Kafin Alhamis ta haye gada ta isa kunnen uwar ango, kuma a lokacin da ta isa can ta riga ta zama ciki wata 3. Lahadi ta zagayo, aka gama sanarwar baiko da ta taron matasa da ta marasa lafiya, kowa ya kasa kunne, sai Baba Fasto ya rufe littafinsa ya ce a tashi a yi waƙa. Ba a yi sanarwa ta biyu ba. Na ɗaga kai na hango Yaya a cikin mawaƙa, bakinta yana motsi amma ba murya, hawaye yana bin kumatunta. A nan gabana ya faɗi, cikina ya ɗuri ruwa.

Dattawan ikilisiya suka zauna. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne, sai da aka haɗa Yaya da mata biyu daga Zumuntar Mata suka raka ta asibiti aka auna ta, yarinyar da ko hannun saurayinta ba ta yarda ta riƙe a titi. Ba ciki ba dalilinsa. Daga nan dattawa suka ce sai sun ga gindin maganar. Aka kira uwar ango, ta ce ita dai ji ta yi daga wata 'yar'uwarta. Aka kira wannan, ta ce ita dai ji ta yi a kasuwa wurin wata mai sayar da gwanjo. Mai gwanjo ta ce ita dai ji ta yi daga 'yarta. Haka aka yi ta bi, mutum 7, kowacce kalmarta ɗaya, ni dai ji na yi. Har aka zo kan mai kitso, ta nuna ni. Na waiga hagu na waiga dama, ba wanda zan nuna.

Mai motar kuwa ashe makwabcin su Yaya ne, wani Alhaji mai sayar da yadi a babbar kasuwa. Mahaifin Yaya yana fama da hawan jini har ɓarin jikinsa ya soma shanyewa, Alhajin nan shi yake kai shi asibiti a motarsa tun watanni, ko kwabo bai taɓa karɓa ba. Ranar da na gan su, Yaya ce ta je karɓo magani ya rage mata hanya. Ya tsaya a bakin layi ne don damina ta cika layin da taɓo mota ba ta shiga. Abin da ya miƙo mata ledar maganin ce da ta manta a kan kujera. Kuma Hajiyarsa tana zaune a gidan baya, ni ce dai ban duba ba, don abin da nake so in gani na riga na gani. Da labari ya kai masa, bawan Allahn nan da kansa ya ɗauki matarsa suka zo gidan Baba Fasto, ya ce yarinyar nan 'yarsa ce, a gabansa aka haife ta, shi ba sunansa ne ya dame shi ba, nata ne.

To kin ji an wanke ta. Sai ki ce shi ke nan an yi biki? Ba a yi ba. Tun ranar da angon ya ji maganar bai tako gidansu ba, bai aiko ba, sai abokinsa ya tura wai a dakata tukuna. Da gaskiya ta fito ya kwaso kawunnansa suka zo ban haƙuri, har da kukansa. Yaya ta ce wanda ya ji magana a kanta ya kwana 10 bai zo ya dubi idonta ya tambaye ta ba, ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da shi shekara da shekaru ba. Aka yi juyin duniya ta ƙi. Mahaifinta yana kwance ya ce a mayar musu da kayansu. A lokacin mutane da yawa sun ce ta cika taurin kai. Ni kam yanzu da na girma na ga aure iri-iri, ban ga laifinta ba.

Na ɗauka Mama za ta karya ni a daren nan. Ko yatsa ba ta ɗaga ba. Ta kunna fitilar ƙwai ta ajiye tsakaninmu, ta miƙo mini baƙin littafinta ta ce in buɗe Misalai sura 26, ko da yake ranar ba 26 ga wata ba ce, in fara daga aya 18 in karanta da ƙarfi. Surar da na sha karantawa ina hamma, ranar sai na ji kamar da sunana aka rubuta ta.

Abu na farko da ke wurin, an kwatanta mutumin da ya cuci makwabcinsa sannan ya fake da cewa raha ce, da mahaukacin da aka bar wa kibiya da bakin wuta yana ta cillawa cikin mutane. Ku duba fa, ba a ce mugu ba, mahaukaci aka ce. Mahaukaci ba ya auna kowa, ba shi da maƙiyi a cikin taron, amma wanda kibiyar ta sama ya samu ke nan. Da ma abin da nake ta nanata wa Mama ke nan ina kuka, ni ban yi da nufi ba, tsokana ce. Ta ce, "Na sani. Da kin yi da nufi ma da na san maganinki. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Aya ta 20 kuwa, ƙanwata mai wasiƙa, taki ce. A can an ɗauki misali daga murhu. Kowacce a cikinku ta taɓa girki da itace ta san wuta ba ta ci da kanta, in kika daina tura mata itace za ta lafa ta zama toka, to haka rigima take mutuwa in ta rasa mai kai-kawo. Wadda ta ɗauki hoton nan ita ta ƙyasta ashana, ba musu. Amma ashana ɗaya nawa take ci kafin ta mutu? Da hoton ya zo wayarki kin goge shi, da ta wajenki wutar ta ƙare. Mutum 7 ɗin da dattawa suka bi a zancen Yaya, ba wadda ta ƙirƙiri labarin daga farko har ƙarshe, kowacce ɗan ƙirare ɗaya ta jefa, ta kuma tafi gida da zuciyarta fes tana ganin ita ji kawai ta yi. Ke ma yanzu inda kike tsaye ke nan, sai dai ke Allah ya taimake ki zuciyarki ta ƙi kwanciya.

Aya ta 22 ita ce ta ba ni kunya fiye da duka, don ta tona abin da ban faɗa wa kowa ba. Ta kwatanta gulma da lomar abinci mai daɗi da take zarcewa can cikin ciki. Wannan magana sau biyu ta zo a littafin, tana nan kuma a sura 18 aya 8. Wato wanda ya rubuta ya san abin yana da daɗi, bai yi mana ƙaryar cewa ɗaci gare shi ba. Ya san daɗin da na ji a gidan kitso, ya san dariyar da kika yi kafin ki danna waya. Da gulma tana da ɗaci kamar maɗaci ai da ba sai an yi wa kowa wa'azi ba.

Na san abin da wasunku suke cewa a zuci, don ni ma an faɗa mini a lokacin: ai ruwa ba ya tsami banza. Wannan karin maganar tamu ta Hausa gaskiya ce a wurinta, amma ba karin maganar da magulmata suka mayar garkuwa kamarta. E, ruwa ba ya tsami banza, sai dai wani lokaci mai ɗanɗanawar ce ta jefa tsamiyar. Sura 18 ta ba da amsa biyu. Aya 13 ta kira yanke hukunci kafin a gama saurare wauta da abin kunya. Aya 17 kuma ta ja kunne cewa duk wanda ya riga kai ƙara shi ake gani da gaskiya, sai ɗayan ya zo an yi masa tambayoyi tukuna. Hoto kuwa mai riga kai ƙara ne wanda ba a iya yi wa tambaya. Ba zai gaya miki wa ke zaune a gidan baya ba.

Mai wasiƙa ta ce har yanzu ba ta san ko wane ne mai motar ba, wataƙila kawun yarinyar ne, wataƙila kuma abin da aka rubuta gaskiya ne. To mu ɗauka gaskiya ne. A ce 'yar ajinku ta faɗa hannun wani babban banza mai ruɗin yara da mota da sabuwar waya, irinsu kuwa suna nan birjik a ƙofar makarantu in an tashi. Sai me guruf ɗin aji zai yi mata? Kada wata ta fahimce ni a karkace ta ce Anti ta ce a ga ɓarna a yi shiru. Littafin nan da ya hana gulma shi ne kuma a sura 27 ya fifita tsawatawa a fili a kan ƙaunar da ta yi gum, ya ce zafin da masoyi ya ji maka ya fi sumbar maƙiyi aminci. A sura 31 uwar Lemuwel ma cewa ta yi ɗanta ya buɗe baki saboda waɗanda ba su da bakin kare kansu. Yesu Almasihu kuma a Matiyu sura 18 ya koyar da a fara samun mutum shi kaɗai. Ki ja ta gefe ki ce, wance, na ga kaza, hankalina bai kwanta ba. In ta ƙi ji kuma kin ga haɗari ne, ki sami mahaifiyarta ko wata malama mai riƙon asiri, mutum ɗaya wadda take da ikon yin wani abu. Ni abin da nake auna kaina da shi yanzu kafin magana ta fita shi ne, wadda zan gaya wa ɗin nan, za ta iya gyara abin, ko dai za ta ji daɗinsa ne kawai? Mai kitso ba abin da za ta iya gyarawa a rayuwar Yaya.

Ku 'yan'uwana Musulmi ba baƙon zance nake kawo muku ba. Malamanku sun karantar da ku hukuncin giba da annamimanci, kuma a Suratul Hujurat an kwatanta mai yi da wani da mai cin naman ɗan'uwansa matacce, an kuma yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Hajiyar da muke gida ɗaya da ita a Unguwar Rimi ta karanta mini wannan tun kafin hawayena ya bushe.

Mu 'yan Kaduna kuwa bai kamata a tsaya ana koya mana abin da magana take iya yi ba. Yawancinku ba a haife ku ba a watan Fabrairun 2000, lokacin rikicin shari'a da ya ci rayuka fiye da 1,000, ya kuma raba garin nan biyu, Kirista da yawa suka haye kogi zuwa su Sabon Tasha da Television da Romi, Musulmi da yawa suka baro can suka dawo su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. A Nuwamban 2002 kuma 'yan layuka ne a wata jarida a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya suka tayar da wata wutar, mutum fiye da 200 suka mutu, gasar ma aka kwashe ta daga Abuja zuwa Landan. Ban ce magana ce ta riƙe adda ba, wanda ya kashe rai alhakinsa yana wuyansa. Amma ku tambayi iyayenku yadda kwanakin nan suke, za su gaya muku kafin hayaƙi ya iso unguwa "an ce" ce take fara isowa. An ce an ƙone kaza, an ce ga su nan tafe, an ce an ce. Mu da muka ci gaba da zama a wannan ɓangaren na kogi, muna gaisawa da makwabtanmu safe da yamma, mun san zaman nan a bakin kowannenmu yake rataye. Yarinyar da ta saba tura duk abin da ya faɗo wayarta a kan 'yar ajinsu, ranar da aka turo mata hoton gawa aka ce ga abin da su wane suka yi, da wannan yatsan za ta tura.

Yanzu ga abin da nake so ki yi, kuma a cikin makon nan, kada ki ce sai an yi hutu. Ki fara gaya wa mahaifiyarki komai, kada ki rage. Na san za ki sha faɗa, ki sha. Sannan ki koma cikin guruf ɗin da kika tura hoton, a nan ɗin dai ba a wani wuri ba, ki rubuta da sunanki cewa ke kika tura, ba ki san mai motar ba, ba ki san komai a kan abin da aka rubuta ba, kin yi kuskure, kina roƙon kowa ta goge. Za a yi miki dariya, wasu za su ce kina neman suna ne, ki ƙyale su. Bayan haka ki sami malamar ajinku ko shugabar makaranta, domin mahaifin yarinyar ba zai saurari 'yar aji biyar ba, amma zai iya sauraron malamar da ta tako har zaurensa ta ce masa 'yarsa tana da ƙoƙari, kuma hoton nan ba hujja ba ne. Karatun yarinyar nan shi ne abin ceto yanzu, ya fi kunyarki muhimmanci. Na ƙarshe kuma shi ne mai wuya, ku je gidansu ke da mahaifiyarki ki durƙusa. Sura 28 aya 13 ta yi alkawarin jinƙai ga wanda ya furta laifinsa ya kuma rabu da shi, ta hana wa mai ɓoyewa albarka. Jinƙan Allah ke nan. Ban yi miki alkawarin yarinyar za ta rungume ki ba, kuma ba ki da ikon ki ce dole ta yafe a ranar don kin yi kuka.

Ni da Mama ta kai ni, na durƙusa a tsakar gidansu a kan siminti, na faɗi duk abin da na shirya. Yaya tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama. Sannan ta dube ni ta ce, "Me na yi miki?" Ba da faɗa ba, tambaya ce take son amsa. Na rasa abin cewa, don ba abin da ta taɓa yi mini sai alheri, ita ce ma ta koya mini riƙe murya ta biyu. Mun fi minti 10 a haka, daga baya ta ce in tashi gwiwata za ta yi ciwo. Ba ta sake hawa wurin mawaƙa ba. Bayan rikicin 2000 suka koma Sabon Tasha, muka daina haɗuwa.

Sai bayan shekara 20 da wani abu na gan ta a wurin wani biki. Ta yi aure tuntuni da wani malamin makaranta, 'ya'yanta 4, babbar tana jami'a. Ita ta fara gane ni, ta kira ni da sunan da ake tsokanata da shi muna yara, ta riƙe hannuna muka daɗe muna hira, ta tambayi Mama na ce ta rasu, ta yi mini ta'aziyya da hawayenta. Da za mu rabu na daure na ce, "Yaya, har yanzu kina waƙa kuwa?" Ta yi murmushi, wushiryar tana nan, ta ce, "A kicin."

Ƙanwata ta Unguwar Dosa, ki sake rubuto mini bayan mako 2 ki gaya mini ko 'yar ajin taku ta dawo makaranta. In malamar ta ƙi zuwa, ki faɗa mini, akwai iyaye mata a unguwarku da na sani, na masallaci da na majami'a, waɗanda in suka yi sallama a ƙofar gida maigida ba ya iya cewa ba ya nan. Sauran kuma masu jiran maganar lefe, mu haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku ta Dandali, Kaduna.